Manomin da Kwalba ta Gyara wa Hannu

Akwai wani manomi a wani ƙauye, mutum mai ƙwazo a gona, wanda in an gama girbi ba abin da yake ƙauna kamar wasan sinuka. Teburin yana ƙarƙashin wata rumfa a bakin kasuwa. Da doguwar sanda ake bugun farin ƙwallo, shi kuma ya tura sauran cikin ramukan da ke gefen tebur. Kowace shekara mutanen ƙauyen sukan kara da na ƙetaren rafi, manomin nan kuwa shi ne mai buga wasan ƙarshe.

Shekara biyu a jere yana kaiwa ga baƙin ƙwallo, wanda da shi ake rufe wasa, shekara biyu a jere kuma yana kuskure rami. Amma kun san halin ɗan Adam. A ta farko ya ce tebur ne ya karkace, har ya ninke kwali ya cusa a ƙarƙashin ƙafar teburin. A ta biyu ya ce wani ne ya yi tari daidai lokacin da zai buga. Mutanen ƙauye suka gaji da shan dariya a wurin 'yan ƙetare, suka ce masa, "Bana in ka sake kunyata mu, ka ajiye sanda ke nan, mu ba wani." Maganar ta yi masa zafi ƙwarai.

Akwai kuwa wani tsohon soja a ƙauyen, wanda ya koyi wasan tun yana bariki. Wata rana da hantsi ya kira manomin zuwa rumfa, ya kwantar da wata kwalbar lemo a kan tebur, bakinta na kallonsu.

Ya ce, "Ɗana, zura kan sandarka cikin bakin kwalbar nan ka janye, kamar kana bugu. Kada ta taɓa gefe."

Manomin ya yi dariya. "Haba Baba, wannan ai wasan yara ne."

"To, yi mu gani."

Ya sunkuya ya zura. Ƙil! Kwalba ta yi ƙara. Ya gyara tsayuwa ya sake. Ƙil! Cikin goma, sau bakwai sandar ta bugi wuyan kwalba, har ta gangara.

Tsohon ya ce, "Yau kuma wa ya yi tari? Gwiwar hannunka ce ke fita waje duk sa'ad da ka zo bugu. Shekara biyu ina kallonta. Da na faɗa maka da baki, da ka yi mini musu. Ɗauki kwalbar ka tafi da ita gida, da ita ba a yin gardama."

Manomin ya ji kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma ya ɗauka. Kowace safiya, kafin ya sha koko, sai ya kwantar da ita a kan teburin cin abinci ya yi ta zurawa yana janyewa. Matarsa ta leƙo ta ce, "Maigida, kwalbar nan laifin me ta yi maka?" Shi dai ya ci gaba da zura sandarsa. Akwai ranar da haushi ya kama shi har ya ɗaga ta zai rotsa a bango, sai ya tuna ba ita ce ta karkace ba, ya mayar da ita. Ya koyi matse gwiwar hannu, ya koyi tsai da kafaɗa, ya daina saurin ɗaga kai. Ƙarar ta riƙa raguwa, har wata safiya ya zura sau ɗari bai ji komai ba sai kukan kaji a tsakar gida.

Ranar karawa ta zo. Rumfa ta cika, har da masu hawa benci. Aka yi ta fafatawa har aka kai ga baƙin ƙwallo, ga shi can a ƙarshen tebur, nesa, bugun da ba ya yafe wa hannu mai rawa. 'Yan ƙetare suka fara tafi tun bai buga ba, don sun san tarihinsa. Manomin ya goga alli a kan sanda, ya sunkuya, ya ja hannu baya a hankali, ya sake shi. Sanda ta tafi ɗoɗar. Farin ya bugi baƙin, baƙin ya miƙe bai waiwaya ba, ya faɗa rami. Rumfa ta kaure da sowa, mata suka rangaɗa guɗa daga cikin kasuwa, maza suka ɗaga shi sama suka kewaya da shi. Babban mutum da gemunsa, yana dariya hawaye na zuba.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: manomin nan ni ne, kai ne, ke ce. Mukan faɗi a wuri ɗaya shekara da shekaru, a fushi, a ƙarya, a gulma, mu ce laifin miji ne, laifin maƙwabci ne, laifin Shaiɗan ne. Kwalbar ita ce Maganar Allah. Bakinta matsattse ne, ba ta faɗaɗa don ta faranta wa kowa, ba ta kuwa iya daɗin baki ba. Ƙarar nan ita ce tsawatawar da kake ji a zuciya sa'ad da ka buɗe ta da safe kai kaɗai.

Ku lura kuma, ba a shiga da kwalbar wurin karawa ba. Ran da gwaji ya zo ba lokacin koyo ba ne, abin da hannu ya saba a ɓoye shi zai yi a bainar jama'a. Saboda haka in gobe ka buɗe Maganar ka ji ta buge ka, kada ka rufe ta cikin fushi. Ba korarka ake yi ba, hannunka ake gyarawa. Ubangiji bai tsawata maka don ka ajiye sanda ba. Ya tsawata maka ne domin akwai bugun da ke jiranka, kuma nufinsa ne ka ci.