Kan da Ba Ya Ƙifta Ido

An yi wani Burtu a wani daji mai yawan gamba, wanda Allah ya hore wa murya mai kauri, har idan ya yi kuka da sassafe ana jin sa daga bakin fadama zuwa gindin dutse. Saboda haka namun dajin suka ba shi aikin shela. Burtun nan yana da girman kai. Cikin masu sauraronsa akwai Gwanki, wanda ba ya son saɓa wa jama'a, da Gada, wadda ba ta gaskata abu sai ta je ta gani.

Kowace safiya dabbobi arba'in da uku sukan taru a gaban wani dogon suri, Burtu ya hau ya sanar da su inda ruwa yake da inda aka ga sawun zaki. Shekara biyu yana faɗin gaskiya. A ta uku ya lura cewa duk abin da ya ambata, shi za a yini ana tattaunawa. Abin da ya tsallake kuwa, ko a gaban idonsu ya faru, ba mai tada zancensa.

Sai ya so ya gwada iyakar ikonsa. Ya yi shela cewa akwai wani abu a tafkin gabas mai kiran dabbobi da sunayensu, ya maimaita kwana tara a jere. Aka daina zuwa, ciyawa ta rufe hanya, tafkin ya yi tsit. A kwana na goma sha biyu dabbobi bakwai suka rantse sun ji an kira su.

Gada ta ce wa Gwanki, "Jiya na sha ruwa a can. Ban ji komai ba sai kwaɗi."

Gwanki ya ce, "Ke kaɗai aka yi wa kunne a dajin nan?"

"Yaya Gwanki, kai ka ji kiran?"

"Ban ji ba, amma kowa ya ji."

"Wane ne kowa? Nuna mini shi in gaishe shi."

"Rage murya. Ƙafa kamar tsinken tsintsiya, sai tsaurin ido. So kike a ce da ni aka yi musun shela?"

Akwai wasu huɗu da su ma suka sha ruwan a ɓoye, amma kowanne ya yi shiru, yana zaton shi kaɗai ne.

Da Burtu ya ga haka, sai ya kafa musu ƙa'ida. Ya ce, "Inda kuka ga kaina, can aminci yake. Abin da ban yi shelarsa ba, bai faru ba." Ya riƙa buɗe shela da wannan magana har ƙananan bareyi suka haddace ta.

Wata ranar kaka, da tsakar rana, iska ta ɗauke, ko ganye ba ya motsi. Gada na kiwo sai ta hangi kan wani burtu yana tafe a saman ciyawa. Yana sunkuyawa yana ɗagowa kamar mai tsintar abinci, amma bakinsa bai taɓa buɗewa ba. Ƙuda ya sauka a kan idonsa, bai ƙifta ba. Ta zagaya ta baya ta leƙa. A ƙarƙashin kan ta ga itace, a ƙarƙashin itacen goshin mutum, yana rarrafe cikin baƙar riga, kwari da baka a bayansa. Haka maharba suke yi: su busar da kan burtu, su ɗaura shi a goshi, su kusanci nama.

Ta ruga wurin suri tana haki. "Malam Burtu, ka hau ka yi shela yanzu. Maharbi ne sanye da kan ɗan'uwanka."

Burtu ya dube ta sheƙeƙe. "Yaushe Gada ta fara kawo wa mai shela labari?"

"Ranka ya daɗe, ba neman suna nake ba. Kai ka ce musu kanka aminci ne. In ba ka warware ba, da ƙafarsu za su je masa."

"In warware maganata saboda mafarkin rana? Wani baƙon burtu ne yake son ƙwace mini suri. Ni zan je in koya masa ladabi."

Ya taka cikin ƙasaita har ya tsaya gab da kan. Ya ce, "Kai wane ne da za ka shiga kiwona ba sallama?"

Kan ya sunkuya, ya ɗago.

"Gaisuwa ba ta isa ba. Buɗe baki ka faɗi sunan ubanka."

Kan ya sake sunkuyawa, ya ɗago. A lokacin ne Burtu ya ga idon a bushe yake, ya kuma ji warin hayaƙi da gumin ɗan Adam. Ya buɗe baki zai yi shelar gaskiya mafi girma a rayuwarsa, amma kibiya ta riga muryarsa.

Gada ta bi dabbobin ɗaya bayan ɗaya tana faɗa musu abin da ta gani. Gwanki ya ce, "Da an kashe shi, ai da an yi shela." Sauran suka gyaɗa kai. Biyu kaɗai suka bi ta suka ƙetare dutse, aka bar arba'in.

Kwana goma sha ɗaya surin yana wayam, suna zuwa suna jira. A safiya ta goma sha biyu kan Burtu ya ɓullo daga bayan surin. Nasa ne, ba shakka, har da tabon da ke gefen bakinsa. Ya sunkuya, ya ɗago.

Wata barewa ta yi raɗa, "Me ya sa ya yi shiru?"

Gwanki ya ce, "Don ba abin da ya faru. Ku matso kusa, kada ya fara ba mu ji ba."

Suka matsa. Washegari aka taru talatin da tara. Rana ta uku talatin da takwas. Kowanne yakan lura wanda ke tsaye kusa da shi jiya ba ya nan, ya dubi kan, ya jira a ambata, ba a ambata ba, sai ya kama bakinsa. Gwanki shi ne na ƙarshe. Ya zo shi kaɗai, ya yi sallama, ya matsa kusa.

Darasin wannan labari shi ne, muryar da take isa kowane gida amana ce, kuma wanda ya hana jama'a amfani da idonsu don a dogara da shi kaɗai, ya ɗana tarkon da zai fara cin sa. Ku kuma yara, ku saurari rediyo, ku karanta abin da ke zuwa cikin waya, amma ku tambayi wanda ya gani, ku lura da abin da ba a faɗa ba. In kun saba da wani kai, ku leƙa ku ga wanda ke sanye da shi.