Shaidar Mai Soya Kifi

An ce wai a wata shekara ƙungiyar ma'aikatan yaɗa labarai ta wata jiha ta shirya gasar da ta saba yi, inda ake ba da lambar girmamawa ga saƙon da ya fi kowanne amfanar jama'a. Aka naɗa alƙalai biyar, aka sa Hajiya Asabe Bawa ta shugabance su. Tsohuwar ma'aikaciyar rediyo ce, ta shekara talatin da biyar tana magana a iska kafin ta ajiye aiki, kuma rabin masu aikin a jihar ta hannunta suka bi.

Bayan an tace, saƙo biyu suka rage, kuma duk kan abu ɗaya suke. A daminar da ta wuce an buɗe wata madatsar ruwa, sai aka buƙaci a gargaɗi mazauna bakin kogi su tashi kafin ruwa ya iso.

Na farko aikin Nafi'u ne, ɗalibin Hajiya Asabe, wanda ya zama babba a wani kamfanin talla a birni. Saƙonsa yana da kiɗa da waƙa, da murya mai daɗi, ba tuntuɓe ko ɗaya. Na biyu aikin Ilu ne, mai karanta sanarwa da cigiya a wani ƙaramin gidan rediyo na karkara. Muryarsa a shaƙe take, ana jin ƙarar janareta a bayansa, har ya yi tari a tsakiya.

Alƙalai suka rabu, biyu nan biyu can, ya rage sai abin da shugaba ta ce. Ɗaya daga cikinsu, Malam Sidi, ya dube ta ya ce, "Hajiya, ban yi miki sha'awar wannan kujera ba. In kin ba Nafi'u, a ce kin ba ɗanki. In kin hana shi, a ce kin zalunce shi don ki wanke sunanki."

Ta ce, "Gaskiya ka faɗa. Amma mu biyar ɗin nan ba wanda gidansa yake bakin kogi. Muna ta auna saƙon da ba mu aka yi wa ba. A kira mini masu gasar, a kuma kira matar nan da ke soya kifi a bakin ƙofa. Ɗazu da na tsaya wurinta, ta ce mini ita mutuniyar Tungar Gwani ce, can bakin kogin."

Aka shigo da matar, sunanta Kande, tana goge hannu da gefen zaninta. Hajiya Asabe ta ba ta kujera ta ce, "Yaya Kande, sanarwa biyu za mu sa miki. Ki saurara kurum, kamar kina gida."

Aka sa ta Nafi'u. Kande ta yi ta gyaɗa kai, har tana bin waƙar da ƙafa. Da ta ƙare ta ce, "Wannan ya iya magana, Allah ya yi masa baiwa. Kamar kada ya daina."

"To, yaushe ya ce ruwan zai zo?"

Kande ta ɗan yi tunani. "Ya ce sha huɗu ga wata."

"Wane wata?"

"Na Turawa ne dai, Hajiya. Mu ba da shi muke lissafi ba."

"Ina ruwan zai kai?"

"Ya ce mita biyu." Ta yi dariya. "Ni mitar da na sani ta masu lantarki ce."

Aka sa ta Ilu. Muryar ta fito a shaƙe tana cewa, "Mutanen bakin kogi, ku saurara. Kasuwar Tungar Gwani ta wannan Laraba ku ci abinku. Amma kafin ta Laraba ta sama, kada a bar mutum ko dabba a fadama. Ruwa zai wuce kukar bakin mashaya, zai shiga unguwar masunta. Ku hau tudun makarantar firamare. A fara da tsofaffi da masu jego."

Tun bai rufe baki ba Kande ta miƙe tsaye, fuskarta ta sauya. Ta ce, "Yau Litinin ko? Hajiya, ku yi mini haƙuri, tsohuwarmu tana unguwar masunta, kuma ba ta iya tafiya." Ta nufi ƙofa, ta bar takalminta ɗaya a ƙarƙashin kujera.

Hajiya Asabe ta tashi da kanta ta riƙo hannunta. "Ki yafe mini, Yaya Kande, na tayar miki da hankali. Sanarwar bara ce."

Kande ta zauna tana mayar da numfashi. Can ta ce, "Ashe ita ce. Ni ina nan birni lokacin. Ƙanena ya ce mini wani mai tari a rediyo ne ya sa suka ɗauke Inna a amalanke, kwana uku kafin ruwa ya ci ɗakinta."

Ilu, wanda ke zaune a ƙarshen benci, ya sunkuyar da kai. Shekara goma sha ɗaya yana karanta sanarwa a ɗakin da ba taga, bai taɓa ganin fuskar wanda ya ji shi ba, har ya fara ganin aikin banza yake yi.

Hajiya Asabe ta juya ga alƙalai ta ce, "Saƙon farko ya sa ta yabi mai magana. Na biyu ya sa ta manta da mai magana, ta tuna da uwarta. Lambar ta Ilu ce, kuma ba ni na yanke ba."

Ba wanda ya ja. Nafi'u ya taso ya durƙusa gabanta ya ce, "Malama, ke kika koya mini gyara murya da zaɓen kalma. Ina na kauce?"

Ta ce, "Ba ka kauce ba, Nafi'u, ni ce ban ƙarasa maka karatun ba. Na koya maka yadda ake faɗi, ban koya maka zama a kasuwa ka ji yadda mutane ke ƙirga kwanakinsu ba. Je ka wurin Ilu ya ƙarasa maka."

An ce Laraba ta gaba an ga su biyun a kasuwar Tungar Gwani, zaune a rumfar wani masunci, Nafi'u na tambaya yana rubutawa.

Wanda duk aka ɗora wa isar da saƙo, ya sani ba a auna aikinsa da yabon da ya samu, sai da abin da mai sauraro ya tashi ya yi.