Sunan da Ya Ƙi Hawa Takarda

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya bar bayinSa salihai a cikin kowace al'umma domin a riƙa tunawa da Shi idan an gan su, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, malaminmu, babban shehi, masanin fiƙihu da tafsiri da luga, ma'abucin tsantseni da gudun duniya, Allah Ya ƙara masa yarda, ya shafe sama da shekara arba'in yana karantarwa a ɗaki guda mai taga biyu, bai taɓa ɗaga murya a kan ɗalibi ba, ba a kuma taɓa ganin takalminsa a ƙofar mai mulki ba. Masu ɗaukar karatu a wurinsa magidanta ne, teloli da direbobi da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa, kowa ya tashi daga aikinsa ya zo da littafinsa bayan la'asar. Karamominsa suna da yawa, ko da yake shi ba ya son a ambace su. Wannan guda ce daga ciki, kamar yadda wanda abin ya faru a hannunsa ya faɗa mana, kuma da yawa daga cikinmu sun riƙe takardun da za a ambata da hannunsu.

Mutumin nan mai maɗaba'a ne, ɗaya daga cikin tsofaffin ɗaliban Malam. Shagonsa dogon ɗaki ne a bayan layin masu gyaran babur, tsohon injin bugu a tsakiya, injin yanka takarda a jikin bango, tebur da kwamfuta a lungu, ko'ina warin tawada da fetur. Ya haura shekara hamsin, gemunsa ya yi fari, amma yayansa har lokacin Auta yake ce masa, ko a gaban surukai. Yayan nan shi ne shugaban jam'iyya na mazaɓarsu, kuma gidansu gidan jam'iyyar ne tun daga mahaifinsu, wanda ya rasu da katinta a aljihun rigarsa. Jam'iyya ce ta dattawa da masu kishin addini da masu son a bar al'amura yadda aka gaje su, har ya zama a unguwar idan aka ce wane ya bar ta, ana faɗar maganar da irin muryar da ake cewa wane ya daina zuwa jam'i.

A shekarar da muke magana, mai maɗaba'a ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Zaɓe na bakwai ke nan yana buga wa jam'iyya fastoci. Yakan buga fuskar mutum da alkawari a ƙarƙashinta, bayan shekara huɗu ya sake buga fuskar ta ƙara cika, alkawarin yana nan bai ragu da harafi ba. Akwai ma shekarar da bai wahalar da kansa da sake tsara rubutun ba, hoton kawai ya sauya, kuma babu wanda ya lura. Wata safiya mai ɗakinsa tana zuba masa shayi ta ce, ba tare da ta dube shi ba:

"Baban yara, ni dai bana ba zan dangwala wa mutuminku ba. Kwana tara Inna ta yi a kan bencin asibitin da ya ce ya gyara."

"Ki rage murya," in ji shi, "katangar Yaya ce wannan."

Bai ce mata ta yi kuskure ba, bai kuma ce ta yi daidai ba. Ya shanye shayinsa ya fita. Irin maganar da ta yi kuwa ta yi yawa a unguwar, a shagon aski da bakin famfo da ƙofar masallaci, mutanen da ba su taɓa kallon wata alama a takardar ƙuri'a ba sun fara cewa ai ɗaya ɗan takarar ma yana salla. Wannan ne ya sa manyan jam'iyya suka je wurin Malam, yayan na gaba, suna neman kalma ɗaya daga bakinsa. Malam ya karɓe su da mutunci, ya yi addu'ar zaman lafiya ga ƙasa da mutanenta, ya mayar musu da abin da suka kawo, bai ambaci sunan kowa ba.

Saura kwana shida zaɓe, yayan ya shigo shago da hantsi, ya ja kujera ya zauna, ya ajiye wata takarda a kan tebur. Hoton ɗan takara ne da alamar jam'iyya, a ƙasa an rubuta cewa shehin malami ya ce duk wanda ya juya wa jam'iyyar nan baya ya juya wa addininsa baya, sannan ga cikakken sunan Malam da manyan haruffa.

"Dubu goma, Auta. Jibi za a raba."

Mai maɗaba'a ya karanta sau biyu. "Yaya, Malam bai faɗi haka ba. An ba ni labarin zuwanku."

"Bai yi mana addu'a ba?"

"Kowa ya je yana yi masa."

"To mu mun je, su ba su je ba." Yayan ya murza idonsa, wanda ya yi ja saboda zirga-zirga. "Kai kana ganin daɗi nake ji? Mutane suna zamewa. In mazaɓar nan ta faɗi a hannuna, da wane ido zan wuce ta gaban kabarin Baba? Ba zagin Malam muka yi ba, girmama shi muka yi. Ka buga kawai, alhakin a wuyana."

Ya kamata ya ƙi, kuma daga baya shi da kansa yakan faɗi haka. Amma shekara hamsin bai taɓa ce wa yayansa a'a ba, kuma gajiya ta kai shi inda musu ya fi aikata laifin nauyi. Ya tsara rubutun, ya fitar da farantin bugu, ya ɗaura shi a inji, ya zuba tawada, ya jera takarda. Ya buɗe baki zai yi bisimilla kamar yadda ya saba, sai ya ji kunya ta kama shi, ya danna makunni shiru.

Takardar farko ta fito, ya ɗaga ta wajen hasken ƙofa. Hoton ya fito tsaf, alamar jam'iyya ta fito, taken da ke sama ya fito, amma wurin maganar da aka jingina wa Malam da wurin sunansa fari fat, kamar ba a taɓa nufin rubuta komai a nan ba. Ya bar inji ya fitar da hamsin, duk haka. Ya tsayar, ya duba faranti: haruffan suna nan, tawada ta hau kansu, har ta ɓata masa yatsa da ya taɓa. Ya wanke robar injin da fetur, ya ƙara matsi, ya canja takarda, ya sake tayarwa, ba abin da ya sauya. Mutum ne da ya san injin nan fiye da yadda ya san muryar 'ya'yansa, saboda haka bai yi saurin ɗaukar abin a matsayin al'ajabi ba. Ya ce wataƙila gefen ƙasa na robar ne ya ci. Ya koma kwamfuta ya ɗauke layukan ya kai su sama, ya saukar da hoton ƙasa, ya fitar da sabon faranti. Hoton ya fito a ƙasa lafiya lau, farin ya koma sama.

A nan ya zauna a kan ɗaurin takarda. Da ya ɗan dawo hayyacinsa sai ya tuna yana da tsohon farantin sanarwar lokutan karatu, mai ɗauke da sunan Malam, wanda yakan buga wa ɗalibai duk shekara. Ya ɗauko shi ya ɗaura, da tawadar nan, a kan takardar nan. Sunan ya fito baƙi wuluk, kowane harafi a tsaye.

Bayan azahar yayan ya dawo, ya ga tarin takardu masu farin gibi, ransa ya ɓaci.

"Auta, in ba za ka yi ba ka gaya mini. Ba sai ka yi mini wasa da hankali ba."

"Ga faranti, ga inji. Ka tsaya ka gani."

Yayan ya tsaya a jikin injin, hannunsa a bayansa, yana kallon faranti mai rubutu yana juyawa, takarda tana fitowa babu rubutun. Ya sa aka kwance farantin, ya naɗe shi a jarida, ya kai wata maɗaba'a a can ƙarshen gari, wurin mutumin da bai san Malam ba, bai kuma damu da wanda zai ci zaɓe ba. Mutumin ya gwada a injinsa sabo, ya sake fitar da nasa farantin, daga ƙarshe ya mayar masa da aikin ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba, a kai wani wuri.

Mai maɗaba'a kuwa ya kulle shago ya tafi wurin karatu, ya zauna a baya can, bai buɗe littafinsa ba. Da aka shafa addu'a mutane suka watse, ya matsa gaban Malam ya durƙusa, ya ajiye takarda ɗaya a gefen shimfiɗa. Malam, Allah Ya ƙara masa yarda, bai ɗauki takardar ba. Hannun ɗalibinsa ya duba, wanda tawada ta cika har wuyan hannu.

"Ka sha aiki yau," ya ce, ya tura masa kofin ruwa.

"Allah gafarta Malam, na ci amanarka. Ba don abin da Allah Ya yi ba, da yanzu an gama."

"Ni ban san komai game da inji ba. Na dai roƙi Ubangijina kada a raba mutane da sunana a kan abin da ban faɗa ba. Ka nemi gafararSa, ni ban riƙe ka ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Wurin da ya rage fari kada ka zubar. Ka yanka, masu karatu suna neman abin rubutu."

Mai maɗaba'a ya sha ruwan. Sai tambayar da ta daɗe tana cin sa ta fito.

"To Malam, ni wa zan zaɓa? Ka faɗa mini ni kaɗai, ba zan gaya wa kowa ba. Na gaji."

"Shekara nawa kana buga wa mutanen nan takardu?"

"Ashirin da biyar."

"Ka fi ni saninsu ke nan. Ƙuri'a shaida ce, kuma abin da ka gani za a tambaye ka, ba abin da na gani ba."

"Ko da ya saɓa wa gidanmu?"

"Mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, ya zaɓi mutanen da ya sani a zamaninsa. Bai bar maka wasiyya a kan waɗanda bai gani ba. In ka duba ka ga na gidanku ne ya fi, ka ba shi da zuciya ɗaya. In ka ga ɗayan ne, ka ba shi. Yayanka kuma gobe ka shiga ka gaishe shi kamar kullum."

Iyakar abin da Malam ya ce ke nan, ya ɗauki carbinsa. Mai maɗaba'a ya fita da nauyin da ya fi wanda ya shigo da shi, domin ya zo ne a sauke masa kayan, aka mayar masa da su.

Ranar zaɓe ya bi layi a cikin rana tun safe har kusan azahar, mai ɗakinsa tana layin mata. Da ya shiga bayan labule ya shimfiɗa takardar, ya ga alamar da ya buga sau dubbai, wadda yatsansa ya saba zuwa wurinta ba tare da ya nemi izininsa ba. Ya tsaya yana tuno mutanen biyu ɗaya bayan ɗaya, abin da kowannensu ya ce da abin da ya yi, yadda kowannensu yake magana da ma'aikata idan ya shigo shago, har jami'in zaɓe ya leƙo ya tambaya ko lafiya. Sannan ya yi bisimilla ya dangwala, ya ninke, ya jefa.

Jam'iyya ba ta ƙara kawo masa aiki ba, wasu dattawan unguwa suka riƙa amsa sallamarsa da rabin baki, domin an yaɗa cewa shi ya ɓata farantin. Ya koma buga katin gayyata da kalanda da takardun makaranta. Kowace safiya yana shiga gidan yayansa ya durƙusa ya gaishe shi, yayan ya ce lafiya, ya ci gaba da sauraron rediyo. Haka suka yi wata huɗu.

Wata rana da yamma yayan ya shigo shago, ya zauna a kan kujera, ya daɗe yana kallon inji yana aiki. Ya rame, ga alama shi ma siyasar ta gama tatse shi.

"Auta, wa ka zaɓa?"

Ya kashe injin domin a ji juna. "Yaya, ko mai ɗakina ban gaya wa ba."

Yayan ya gyaɗa kai, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Ni ma na daɗe a tsaye a gaban takardar ƙuri'ar nan," ya ce.

Ƙanen bai tambaye shi wanda ya zaɓa ba. Da aka kira magariba suka tashi tare.

Wannan kaɗan ne daga abin da Allah Ya gudanar ta hannun malaminmu, wanda ya tsare harshensa daga faɗar abin da bai sani ba, sai Ubangijinsa Ya tsare sunansa daga ɗaukar abin da bai faɗa ba. Ya Allah, Ka ƙara masa yarda da ɗaukaka, Ka saka masa da mafificin abin da Kake saka wa malami a kan ɗalibansa, Ka ba mu albarkacin iliminsa da ladabinsa, Ka sa mu iya ba da shaida a kan gaskiya ko da mun gaji, Ka daidaita tsakaninmu da 'yan'uwanmu, Ka yafe mana abin da muka aikata saboda rauni. Amin, ya Ubangijin talikai.