Marsandin Da Ba A Taɓawa

An yi wani mutum a ƙasar Kazaure. Ba zan kama sunansa ba, domin 'ya'yansa suna nan da ransu. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa gida da gonaki da wata tsohuwar Marsandi baƙa, irin ta mutanen da, mai kaurin ƙarfe kamar garma. Mota kam ta yi kyau. Mai ita ne ba shi da hali.

Mutumin nan hannunsa ya fi bakinsa sauri. Wanda ya jingina da motar, mari. Wanda ya leƙa ta gilashi, ƙulli. Matarsa Zaituna ta taɓa ɗora kwanon abinci a kan motar, sai da ta yi kwanaki tana ɓoye fuska a mayafi. Har ta kai in ya ajiye motar a ƙofar masallaci, mutane zagaye ta suke yi daga nesa. Shi kuwa a ganinsa girma ne ake ba shi.

Ranar wata kasuwa yana kan hanyar Roni, shanu suna tsallaka titi. Bai jira ba, ya kutsa cikinsu. Wani bijimi ya firgita ya kai wa motar karo, ƙofar direba ta lotsa, gefen baya ma ya lotsa. Makiyayin, wani dattijo mai suna Hamma, ya rugo yana ba da haƙuri, ya sa hannu yana shafa wurin. Mutumin nan ya zaro ƙarfen kwance taya ya sauke a kan hannun. Ya ƙara, sai da ƙashi ya fasa fata ya fito. Hamma ya zube a kwalta, jini yana bin rigarsa, ya ce, "Allah yana gani."

Ya 'yan uwa, ƙarfe aka lotsa, aka karya ɗan Adam. Wanne ne a ciki zai tsaya gaban Allah ya yi ƙara?

Daga nan ya shiga neman mai gyara, domin akwai ɗaurin aure ranar Juma'a da manya za su taru, kuma ya rantse da motar nan zai je. Ya fara zuwa garejin Muhammadu Lawal, tsohon da yake bugun jikin motar tun zamanin mahaifinsa. Tsohon ya duba ya ce, "Alhaji, ƙarfen nan sai an gasa shi da wuta zai miƙe. Lotsawar baya kuwa a bakin tankin mai take. Sai na sauke tankin, na wanke shi ya sha iska. Ba zai yiwu kafin Juma'a ba."

Gaskiya ya faɗa. Ladansa shi ne aka shaƙe masa wuyan riga, aka buga kansa da bango, haƙorinsa ya faɗi a ƙasa.

Labari ya bazu. A Kazaure duk garejin da ya nufa sai a ce maigida ba ya nan. A Gwiwa ma haka. Sai a Babura ya sami wani mai walda, Abu, wanda labarin ya riga ya iso masa, tsoro ya hana shi cewa a'a. Za ka gama kafin Juma'a? "To, Alhaji." Ba sai an sauke tanki ba ko? Abu ya san amsar sarai. Ya buɗe baki, ya ga ƙarfen nan a hannun mutumin, ya ce, "To, Alhaji."

Sai mutumin ya yi murmushi, ya ce yau ya sami wanda ya san aiki.

Abu ya kwance marfin cikin ƙofar direba har da hannun buɗewa, don ya sami wurin bugu. Aka ba mutumin benci, ya ce ba zai zauna a kan baƙin mai ba. Ya shiga motarsa ya ja ƙofar ta rufe, sauran ƙofofin a kulle, gilasai a ɗage saboda ƙarar guduma. Abu ya koma bayan motar ya kunna wutar walda.

Tankin ya tashi. Ƙarar ta jefar da Abu gefe, wuta ta cinye kujerar baya, hayaƙi ya cika motar. Mutumin ya lalubi hannun ƙofa, babu. Ya nemi sauran ƙofofin, hayaƙi ya rufe masa ido. Babbar rigarsa ta kama, yana dukan gilashi da tafin hannu, fatar tana mannewa a jikin gilashin.

Jama'a sun taru, amma kowa ya tsaya daga nesa, yadda aka saba tsayawa. Abu ya taso da guduma a hannu, ya isa bakin gilashin, ya ɗaga. Sai ya tsaya. Wallahi, 'yan uwa, waɗanda suke wurin sun ji shi da kunnensu yana cewa, "Alhaji, in fasa?"

Izini yake nema. Mutum yana ƙonewa, ana neman izininsa a taɓa motarsa. Wa ya koya wa Abu haka? Wa ya koya wa jama'ar nan tsayawa?

Kafin gudumar ta sauka, wuta ta gama abin da za ta yi. An ja shi waje da rai, amma a asibiti sai da aka yanke hannayen duka biyu. Yau yana zaune a zaure. Ƙuda ya sauka a fuskarsa, sai ya jira wani ya kore masa. Zaituna ce take ba shi abinci a baki. Gangar jikin motar tana bayan garejin Abu, awaki suna hawa suna sauka.

Ku ji ni da kyau. Mai saurin hannu yana zaton yana tara masu biyayya ne, alhali masu faɗa masa gaskiya yake kora ɗaya bayan ɗaya. Kai da kake duka a gida, kai da kake duka a kasuwa, akwai ranar da za ka buƙaci wanda zai ce maka a'a, da wanda zai kama ka da ƙarfi ba tare da ya tambaye ka ba. Ka bar ko mutum ɗaya da ba ya tsoronka?

Allah ya riƙe mana hannayenmu a lokacin fushi, ya bar mu da masu faɗa mana gaskiya, ya kiyaye mu daga wutar duniya da wadda ta fi ta.