Mai Guga da Kwat Ɗin Lauya

Akwai wani mai wanki da guga da ke haya a bayan tashar mota, gwani ne a sana'arsa. In ya ɗora dutsen guga a kan wando, karin da zai fitar sai ka ce zai yanka yatsa. Ba ya sata, ba ya ƙona kayan mutane. Aibinsa ɗaya ne: ya daɗe yana goge kayan manya, har ya fara jin shi ma babba ne. Maƙwabcinsa Mai Faci, wanda ƙofofinsu ke kallon juna, ko hannu ba ya son ba shi, wai kada ya shafa masa baƙin mai.

Sai annoba ta shigo gari. Aka rufe ofisoshi da makarantu, aka ce kowa ya zauna a gida. To wanda ke zaune a gida da gajeren wando, me zai yi da guga? Aiki ya tsaya cak. Kayan da aka kawo kafin kulle suka rage rataye a igiya cikin ɗakinsa, har da wani kwat ruwan toka na wani lauya, da takalman da ya bari a goge masa.

Wata safiya matarsa ta ɗago buhun shinkafa ta girgiza shi a gabansa.

"Baban 'yan biyu, ka ji ƙara? Ko ɓera ya daina leƙo mu. An ce gobe masu tallafin abinci za su zauna a filin makaranta su rubuta gidaje, kuma sai maigida ya je da kansa."

"Ni? In shiga layi da masu faci da 'yan dako?"

"To ka shiga layin lauyoyi, in suna raba shinkafa."

Ya dubi 'yan biyu suna lasar murfin tukunya, ya san ba makawa. Amma ya yi wa kansa dabara. Da gari ya waye ya zare kwat ɗin lauya daga leda ya saka, ya ɗaura takunkumi ya rufe hanci da baki. Nufinsa ya tsaya gefe kamar mai kallo, in mutane sun ragu ya matsa a rubuta shi a ɓoye.

"Wannan kuma ɗaurin auren wa za ka?" in ji matar.

"Ke dai ki ɗora ruwa."

Yana shiga filin makaranta mai gadi ya ƙame. "Ranka ya daɗe, sannu da zuwa!" Ya ruga ya kawo kujera ya ajiye masa a inuwa, kusa da teburin masu rubutu. Su ma suka ɗauka wani babba ne aka turo duba aiki, suka miƙo masa ruwan sanyi a roba. Mai Guga ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Wallahi daɗi ya ji, wanda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi.

Layi na tafiya, kowa nesa da ɗan'uwansa. Wata tsohuwa ta matso ta rusuna. "Yallaɓai, a taimaka mini, ƙafata ba ta tsayuwa." Ya ɗaga yatsa kawai, nan take aka wuce da ita gaba. Mai Faci ma ya zo wucewa, ya cire hula ya gaishe shi, bai gane shi ba.

Nan fa kujera ta riƙe shi. Duk lokacin da ya yunƙura zai tashi, sai wani ya ce, "Yallaɓai, me za a kawo maka?" Da wane baki yallaɓai zai ce a rubuta shi, yaransa na jin yunwa? Rana ta yi sanyi, layi ya ƙare. Shugabar masu rubutu ta naɗe takardunta ta ce, "Yallaɓai, muna fata ka gamsu da aikinmu."

"Na gamsu," in ji shi, cikinsa na ƙugi.

Ya dawo gida da robar ruwa a hannu. Ruwan da matar ta ɗora ya tafasa har ya ƙone. Ta saurari labarin tsaf, ba ta ɗaga murya ba.

"Madalla. 'Yan biyu, ku zo ku gaida Yallaɓai. Ya kawo muku roba."

Da aka yi rabon farko, gidansu bai samu ko ƙwaya ba. Ranar nan matar Mai Faci ta ƙwanƙwasa ƙofa da kwano cike da wake da ɗan mai a kwalba. Ta ce, "Maigidana ya ce bai ga naku a layi ba, ko ba shi da lafiya ne?" Mai Guga na bayan labule yana ji. Ya ci waken nan kansa a sunkuye, kuma ya yi masa daɗi.

Bayan kwanaki aka ce masu rubutu za su dawo saboda waɗanda aka tsallake. Wannan karon ba wanda ya tashe shi. Ya sa tsohuwar rigarsa mai tabon gawayi a kafaɗa, ya ƙwanƙwasa wa Mai Faci ya ce, "Maƙwabci, raka ni, kai ka san hanya." Ya tsaya a rana kamar kowa. Da ya isa tebur ya yi magana, shugabar ta ɗago kai.

"Wannan muryar fa? Ba kai ne muka ba kujera ba?"

"Kwat kuka ba kujera, Hajiya, kuma na lauya ne. Ni mai guga ne, yarana biyu, ba aiki."

Ta yi dariya har takunkuminta ya zame, ta rubuta shi. Mai Faci kuwa ya dafe ciki don dariya. "Kai ne na cire wa hula? Wallahi sai ka rama mini!"

Mai Guga ya cire tasa hular a gaban jama'a ya gaishe shi.

Rabo na gaba suka dawo tare, kowa da buhu a kafaɗa. Tukunya ta hau wuta, 'yan biyu suka ci suka yi barci da cokali a hannu. Kwat kuwa ya sha zufa, sai da ya sake wanke shi da ragowar sabulunsa. Har yau Yallaɓai ake kiransa a gidan hayar nan, kuma yana amsawa da dariya.

Darasin nan ba shi da wuya. Neman taimako lokacin tsanani ba abin kunya ba ne, abin kunya shi ne ka bar yaranka da yunwa don a ce maka ranka ya daɗe. In ka nuna wa mutane ka ƙoshi, za su yarda da kai, su ba ka kujera su ba waninka abinci. Ka tafi da rigarka, ka faɗi halinka da bakinka. Kuma kada ka raina maƙwabci, don ranar da tukunyarka ta bushe shi ne zai ji shirun.