Manomin Citta Da Ya Ƙi Hawa Ma'auni

Akwai wani mutum, manomin citta, a wani ƙauye da ke gindin dutse. Yana da gonaki biyu, ɗaya a kwari kusa da gida, ɗaya kuma can bisa tudu, wadda ya gāda wurin mahaifinsa. Ta bisa tudun nan ita ce ransa. A can ya koyi riƙe fartanya, a can kuma cittarsa ta fi yin kyau.

Mutumin nan yana da wata al'ada da duk ƙauyen suka san shi da ita. In ya tono citta, ba ya tsaga ta ya shanya sai ya fara rataya buhun a ma'auni tana ɗanya, ya rubuta nauyinta da gawayi a jikin rumbu. In ta bushe kuma ya sake aunawa, ya rubuta. Maƙwabta sukan ce ya cika son wahalar da kansa, shi kuwa ko a jikinsa.

Allah ya sa wa gonakin nan albarka, albarkar kuwa ba ta tsaya a rumbu ba, ta bi ta tukunya ta sauka a jikin mai gona. Tuwon masara malmala uku yake tashi da shi, ga doya da manja, ga shayi mai sukari cokali huɗu. Tumbi ya fito har sai ya leƙa kafin ya ga yatsun ƙafarsa. Gwiwoyi suka fara yi masa gardama. Bara ya huta sau biyar kafin ya kai gonar tudu, da girbin bana kuwa sam bai iya kaiwa ba, yana zaune a gindin mangwaro aka sauko masa da cittar.

Sai matarsa ta ce masa, “Baban Dinatu, in damina ta faɗi ba ka iya hawa tudun nan ba, gara mu ba wani ya noma, da gonar Baba ta koma daji.”

Maganar ta yi masa zafi ƙwarai, don ya san gaskiya ta faɗa.

Washegari ya tafi ƙaramin asibitin ƙauyen tare da maƙwabcinsa Zakka, wanda ya fi shi girman jiki, ya kuma fi shi yawan dariya. Malamar asibiti ta duba su, ta ce maganin gwiwar nan ba a kwalba yake ba. Su rage tuwo da sukari, su yawaita ganye, su riƙa tafiya da ƙafa kowace safiya. Sa'an nan ta nuna musu ma'auni, ta ce, “Amma kafin ku fara komai, ku hau nan mu san inda kuke. Bayan haka sau ɗaya a mako, da safe kafin karin kumallo, da kaya marasa nauyi, a kan wannan ma'auni ɗin dai. Abin da ya nuna ku rubuta.”

To, ma'aunin nan a baranda yake, inda mata suke zama da jarirai suna jiran awo. Malamar kuma Allah ya ba ta murya, in ta faɗi lamba har mai ƙosai da ke bakin hanya sai ta ji.

Zakka ya cire takalmi ya hau. Malama ta ce, “Kilo ɗari da ashirin da uku.” Mata suka kwashe da dariya, Zakka ma ya taya su, ya ce ashe shi kaɗai buhu ne da ƙari. Da ya koma gida ya rubuta lambar a bayan ƙofarsa.

Mutumin namu kuwa ya dubi matan, ya dubi ma'aunin, ya tuna shi dattijo ne a ikilisiya, a kujerar gaba yake zama ran Lahadi. Sai ya ce a ransa, “Bari in ɗan rage tukuna. In na yi kyan gani, sai in zo in hau.” Ya juya ya ce wa malama yau ya riga ya karya, sai wani mako.

Wani mako ya zo, ya ce rigarsa tana da nauyi. Na bayansa ya ce akwai baƙi a gida. Daga nan ma ya daina bin hanyar asibitin, sai ya zaga ta bayan makaranta.

Amma kada a zalunce shi, ya yi ƙoƙari. Malmala uku ta koma ɗaya. Shayi ya koma salam. Kowace safiya shi da Zakka suna tafiya har rafi su dawo, suna haki suna gardamar farashin taki. Ran nan aka yi biki a gidan ƙanensa, aka wuce da nama ta gabansa sau uku, ya ɗauki tsoka ɗaya ya kau da kai kamar an yi masa rasuwa. Haka ya yi wata uku cur.

Ran nan ya ce yanzu kam ya isa a gan shi. A lissafinsa ba zai wuce kilo tasa'in ba. Ya yi sammako, bai sa komai a baki ba, ya cire hula, ya cire takalmi, har goron da ke aljihunsa ya ajiye a gefe, ya hau.

Malama ta ce, “Kilo ɗari da huɗu, Baba.”

Ya ce ta sake dubawa. Ta sake dubawa, lambar ba ta motsa ba.

Zakka ya hau bayansa. Aka ce ɗari da goma sha biyu. Sai ga ƙaton mutum yana taka rawa a baranda, yana cewa, “Sha ɗaya sun tafi, na gode wa Allah.” Wanda ya fi nauyi yana murna, wanda ya fi shi sauƙi da kilo takwas kuwa ya sa hularsa ya kama hanyar gida, ko sallama bai yi wa kowa ba.

Da ya shiga gida ya zauna a kan turmi, ya ce, “Maman Dinatu, yau ki sa mini malmala uku. Wata uku ina azabtar da kaina a banza. Gonar tudu kuma ki aika a gaya wa duk mai so ya je ya noma.”

Matar ba ta yi musu ba. Da tuwo ya nuna ta kawo masa malmala uku kamar yadda ya ce. Amma a gefen kwanon ta ajiye bel ɗinsa na zuwa coci.

Ta ce, “Kafin ka wanke hannu, dubi wannan. Huji uku ɗin nan sababbi, wa ya huda su?”

Ya ce, “Ni ne, da ƙusa. Ai fatar yanzu ba ta da kirki, miƙewa take yi.”

Ta ce, “Shekara tara kana ɗaura shi bai miƙe ba, sai a wata ukun nan?”

Ya juya bel ɗin a hannu, ya dubi tsohon hujin da ya yi baƙi don amfani, ya dubi inda yake ɗaurawa yanzu. Tsakaninsu ya kai faɗin tafin hannu. Sai ya tambaya a hankali, “To, kilo nawa ke nan na rage?”

Ta ce, “Wannan kuma sai Allah. Ran da za a gaya maka, kai ka ce ka riga ka karya.” Sa'an nan ta nuna masa rumbu da baki. “Me ya sa kake auna citta tun tana ɗanya?”

Ya buɗe baki zai ce don ya san abin da rana ta yi mata, sai ya gane inda matar ta dosa. Can sai dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har ya share hawaye. Buhun citta bai taɓa jin kunyar ma'auni ba, sai mai cittar.

Ya mayar mata da malmala biyu. Ya ɗauki gawayi a murhu, ya je jikin rumbu, a ƙarƙashin lambobin citta ya rubuta ɗari da huɗu da manyan baƙaƙe, inda duk mai shigowa gidan zai gani. Daga ranar, kowane mako yana baranda tun da safe, a layi ɗaya da masu jarirai. Wani mako lambar ta sauka, wani mako ta tsaya cik, sau ɗaya ma ta hau, bayan bikin Ista. Duka ya rubuta.

Da ruwan fari ya sauka, ya saɓa fartanya ya nufi tudu. Sau biyu ya huta a hanya. Da ya kai, ya durƙusa a kan gwiwoyin nan da suka ƙi shi bara, ya yi godiya, sa'an nan ya tashi ya fara sharar gonar mahaifinsa.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Ma'aunin nan shi ne gaskiyar Allah, hawansa kuma shi ne mutum ya tsaya a gaban Ubangiji ya faɗi ainihin halin da yake ciki. Da yawa a cikinmu muna cewa, “Bari in ɗan gyara tukuna. In na rage fushi, in na daina abin nan da nake ɓoyewa, sai in zo in yi addu'a, sai in nemi fasto mu yi magana.” Muna zagawa ta bayan makaranta shekara da shekaru. Alhali Ubangiji Yesu bai ce mu zo bayan mun yi kyan gani ba. Ya riga ya san lambar, ba za ta ba shi mamaki ba. Mu ne muke bukatar jin ta.

Ku lura kuma, mutumin nan ba rago ba ne, ya yi aiki, aikin kuma ya yi amfani. Amma da yake bai san inda ya fara ba, saura kaɗan ya zubar da komai a rana ɗaya, har da gādon mahaifinsa. Wanda bai yarda ya ga inda Allah ya same shi ba, ba zai ga nisan da Allah ya kawo shi ba. Ran da ya duba ya ga da sauran tafiya, sai ya ce ba a yi komai ba. Zakka ya fi shi nauyi, amma Zakka ne ya yi rawa, gama shi yana da lamba a bayan ƙofa.

In kuwa kai ma ka riga ka ɓata wata uku, ko shekara talatin, kada ka ce a kawo malmala uku. Mutumin nan har yau bai san nauyinsa na farko ba, ba kuwa zai taɓa sani ba, duk da haka ya hau tudu. Cire takalminka yau, ka hau, ka ji abin da za a gaya maka, ka rubuta. Daga nan za a fara.