Katifar Tabawa Mai Leda

Tabawa mai ƙosai ta sayi katifa mai araha a shagon Alhaji Gambo, da garantin shekara. Don tattali, ba ta cire ledarta ba. Kafin damina ta wuce, tsakiyar katifar ta lotsa. Ta kinkimo ta zuwa shagon.

Alhaji ya ce, "Garanti na lalatacciya ne. Wannan ko ledarta ba a cire ba, sabuwa ce fil!"

"Sabuwa fil, Alhaji?"

"Kamar yau aka sauke ta."

"Madalla. To mayar da ita cikin kayanka, ka ba ni waccan. Ba ka yi asara ba."

Alhaji ya zabura. "Wa zai sayi wannan ramin?"

Tabawa ta dubi masu ciniki. "Kun dai ji da bakinsa. A ɗauko min sabuwa."